Jaji da Ƙwan Zabin Matan Miga

Da sunan Allah za mu fara, Shi da ba Ya mantuwa. Ga wani labari nan na kawo muku, ku karɓe shi da haƙuri, don mai ba da shi ya tsufa.

A cikin yawon da na yi na neman karatu da bayar da shi, na taɓa yin damina biyu a Dutse, a unguwar Limawa, a zauren wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo Iyatu. Shekarar ta kuɓuce mini. Na dai san an riga an ƙaddamar da shari'a, wayar salula kuma ta shigo gari amma ba ta gama zama ba, sai mutum ya hau kan dutse yake samun magana. Ku ce shekara uku ko huɗu bayan shari'ar, ba za ku yi nisa da gaskiya ba.

Gwaggo Iyatu asalinta 'yar makiyaya ce daga wajen Miga. Shanu sun ƙare tun zamanin iyayenta, ita kuma ta koma kiwon zabi, har ta yi suna da shi. Tana da 'yar ƙani, Mashkura, mai karatun lantarki a Kano. A wani hutu Mashkura ta haɗa mata injin ƙyanƙyasa a cikin ɗakin da ke kusa da zaurena. Akwati ne na katako, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, da ƙofar gilas da fanka a ciki. A bayansa ta liƙa wani ɗan allo kore wanda bai fi tafin hannu ba, shi ke kula da zafi. Ta ce sunansa saba a Turance. Ba shi da fuska balle baki, in kana son jin abin da ya sani sai ka tambaye shi ta kwamfuta. Don haka ta ja wata shuɗiyar waya daga bayan akwatin, ta ɗaure a jikin dabinon ƙofar gida, ta tsallaka titi da ita zuwa shagon Abdurrahim, wani saurayi mai buga wa mutane takardu. Safe da yamma Abdurrahim zai danna wasu lambobi, shafi ya buɗe, ya ga zafi ya ga laima, sannan ya leƙo ya ce, "Gwaggo, lafiya lau," ko ya ce a ƙara ruwa a faranti.

Da labari ya kai Miga, mata suka tara ƙwan zabinsu, ɗari uku cif, suka aiko shugabarsu Zinariya da shi. Wata ta ba da goma, wata ta ba da huɗu, iyakar abin da ta mallaka ke nan. Gwaggo ta karɓa a gabana, ta ce amana ce, nan da kwana ashirin da takwas su zo su kwashi 'ya'yansu. Mashkura ta koma makaranta.

A rana ta goma sha tara shafin ya ƙi buɗewa. Abdurrahim ya danna lambobin ya sake dannawa, kwamfuta ta ce ba ta ga kowa ba. Ba wanda ya san ko ƙwan na dahuwa a ciki ko yana shan sanyi, kuma Mashkura ta ja kunne kada a riƙa buɗe ƙofar. Ranar Gwaggo ko furarta ba ta dama ba.

To, a nan Jaji ya shigo.

Jaji mai gyaran rediyo ne a gindin darbejiyar bakin titi, mutum mai kimanin shekara arba'in, da sukundireba a bayan kunne ko a masallaci. Ya rubuta Injiniya a allon shagonsa da jan fenti. Rediyo takan je wurinsa da ciwo ɗaya ta dawo da biyu, amma in ka ji shi yana ba da labari, ya taɓa gyara wata har ta kamo tashar da ba a buɗe ba tukuna. Tun ranar da aka kafa akwatin yake jin haushi, a ce yarinya ta zo ta yi aikin lantarki a unguwarsa ba a ko yi masa sallama ba. Da ya ji abin da ya faru sai ga shi da jakar kayan aiki. Ya ce wa Gwaggo ta kwantar da hankalinta, irin wannan na'ura ya gyara ta fi a ƙirga, kafin la'asar za ta yi magana, kuma in ya gama zai ja mata waya har Miga, kowace mace ta ga ƙwanta daga ɗakinta.

Gwaggo ta dube shi ta ce, "Jaji, rediyona da ka karɓa tun kafin azumi fa?"

"Tana hutawa, Gwaggo. Ba a gaggawa da abin lantarki."

Ba ta so ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta yarda bisa sharaɗin ba zai buɗe ƙofar akwatin ba.

Ya zagaya bayan akwatin, ya tsuguna, ya tambayi Abdurrahim sunan ɗan allon. Da aka ce masa saba, sai ya yi murmushi irin na wanda ya gano ɓarawo. Ya ce ai Turawa ba sa sa suna a banza, abin da sabo yake aiki, kuma an bar shi shi kaɗai a ɗaki mai duhu, ita kwamfuta tana can tana hulɗa da jama'a, dole zumunci ya yi sanyi. Ya tuna wa Gwaggo yadda ake yi in saniya ta ƙi maraƙi, a shafa masa warinta. Ya je ya ɗauko ƙyallen da Abdurrahim ke rufe kwamfuta da shi, ya lulluɓe akwatin ruf. Muka zauna muna jiran sabo. Can Gwaggo ta lura ƙyallen ya toshe ramukan shan iska, ta fizge shi ta jefa masa a fuska. Jaji ya ce dama gwaji ne, kuma gwajin ya nuna masa ciwon na waya ne.

Abdurrahim ya ce a'a. Ya nuna masa wata 'yar fitila kore a inda wayar ta shiga bayan kwamfuta, ya ce Mashkura ta gaya masa muddin tana ci, waya lafiyarta ƙalau.

"Kai da fitila wa ya girmi wani?" in ji Jaji.

"Oga Jaji, ai ita aka sa ta faɗa."

"Ni kuma na ce ƙarya take. Fita ka dubi wayar nan."

Muka fita. Wayar ta ɗan yi ciki a tsakiyar titi, kamar igiyar shanya. Jaji ya bayyana mana cewa saƙo yana gangarowa da gudu daga shago, in ya zo hawa wajen dabino sai numfashinsa ya ƙare, ya komo. Maganin a ɗaga ɗaurin sama a ja ta ta miƙe. Ya tuɓe takalmi ya kama dabino.

A Dutse, kamar ko'ina da ake da dabino a cikin gari, mai hawa yakan tsaya ya yi kira sau uku, ya ce a gafarta za a hau sama, don matan da ke tsakar gida su kimtsa. Yaro ma ya san wannan. Jaji yana cikin yi wa jama'a bayanin numfashin saƙo, bai yi ba. Kansa na wuce katanga ya yi ido huɗu da maƙwabciyarmu Bilki, ana yi mata kitso, kai a buɗe. Abin da ya fara isowa ludayi ne. Bayansa ruwan wanke-wanke, bayansa kuma muryarta, tana tambaya ko bai ji an yi shari'a a garin nan ba, ko sai ta aika an kira masa 'yan Hisba sun karanta masa. Jaji ya so ya ce aiki yake, ƙayar dabino ta soke shi a hannu, ya saki itace ya kama waya. Suka sauko tare. Shi ya faɗa kan tarin yashi, ita kuma kanta ya tsinke daga bayan kwamfuta, ya fito ta taga yana reto.

Ya tashi ya karkaɗe riga ya ce yanzu aka zo wurin, dama kan ne ya ruɓe. Ya feɗe wayar da haƙori, ya tarar da 'yan wayoyi takwas masu launi daban-daban a ciki. Bai taɓa ganin fiye da biyu ba. Ya ce Mashkura ta jera su ba bisa girma ba, ya sa kore a gaba, ya murɗe sauran biyu-biyu yadda ransa ya ba shi, ya cusa a ramin da tsinken ashana. Fitilar nan kore ta mutu. Ya ce to, ta daina ƙarya.

Allah Ya taimaka Mashkura ta bar wata wayar a shago saboda irin wannan rana. Abdurrahim ya ɗauko, ya yi kiran hawa sau uku da kansa, ya ɗaura. Fitila ta dawo. Shafi bai dawo ba. La'asar ta yi ta wuce.

Washegari, ina jin Talata ce, ko Laraba, Abdurrahim ya ce shi kam zai kira Mashkura. Wani ɗan kasuwa ya ara masa salula, muka hau dutsen bayan unguwa inda ake samun sabis, ni ina baya ina haki. Da ta ɗauka, Abdurrahim ya fara bayani ke nan Jaji ya karɓe wayar, ya ce a bar injiniya ya yi magana da injiniya. Muryarta na zuwa tana ɗaukewa. Ta tambaya ko fitila na ci, ya ce shi ya tayar da ita. Abin da muka ji bayan haka, don ya ɗaga wayar sama kowa ya shaida, shi ne:

"Kawu, to ku duba adireshinsu. Dole su zama unguwa ɗaya. In ba unguwa ɗaya suke ba, ko sallama ba za su amsa wa juna ba. Ka ba Abdurrahim in gaya masa yadda..."

Sai sabis ya tafi. Muka jira, muka koma wani dutsen, bai dawo ba.

Jaji ya sauko yana taku ɗai-ɗai. Ya ce abin da yake shirin faɗa ke nan tun jiya, bai so ya riga yarinyar ba ne don kada ta ji kunya. Kuma abin mamaki, maganar ta zauna daidai a kan gaskiyar wurin, don titin nan shi ne iyaka. Gidan Gwaggo yana Limawa. Shagon Abdurrahim yana unguwar tsallake, wadda sunanta ya ɓace mini, mutane dai Tsallake suke ce mata, kuma mai unguwarta daban. Har ni sai da na gyaɗa kai, Allah Ya yafe mini.

Ya ja mu zuwa wurin Mai unguwa Ahmadu na Tsallake, wani tsoho mai sanyin magana da muka tarar yana gyaran akurkin tantabaru. Jaji ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya roƙi a ba Limawa aron shagon Abdurrahim na kwana takwas, a rubuta a takarda a buga hatimi, ya kai wa na'ura ta gani. Mai unguwa ya sa aka maimaita masa sau biyu. Ya ce iyakar nan tun kakansa take, ko fari da yunwa ba su matsar da ita ba.

"To, Malam Jaji, kwana goma sha tara da suka yi suna gaisawa, a wace unguwa suke?"

"Ranka ya daɗe, ai baƙo ne. Sai yanzu ya gane gari."

"Wa ya gaya masa?"

"Abin lantarki, ranka ya daɗe, yana da kunne."

Mai unguwa ya ce in yana da kunne a je a ba shi haƙuri, shi ba ya ba da aron ƙasa. Ya koma kan tantabarunsa.

A hanya Abdurrahim ya ce in dai unguwa ce matsalar, a ɗauki kwamfutar a kai ta gidan Gwaggo mana, ai hannu biyu ya ishe ta. Jaji ya tsaya cak. Ya tambaye shi a ina ya taɓa ganin babba ya tashi ya je gaida ƙarami. Kwamfuta uwa ce, saba ɗa ne, in aka kai ta wurinsa zai raina ta har abada. Akwatin ne zai tsallaka. Na ce masa a bari Gwaggo ta dawo, don ta tafi suna Jahun tun da sassafe. Ya ce so yake ta dawo ta tarar da abin farin ciki. Na ce ƙwai ba ya son girgiza. Ya ce, "Malam, wannan ƙwan zabo ne, ba na kaza ba. Da shi ake jifan kare." Ni baƙo ne a gidan, kuma ban san lantarki ba. Na ƙyale shi, kuma ƙyalewar nan tana cikin abubuwan da ban manta ba.

Da hantsi ya samo amalanke da majiya ƙarfi biyu daga tasha. Ya kuma bi shaguna yana gayyata, a zo a ga yadda ake aikin zamani. Jama'a suka taru har da masu shayi. Matsala ta farko, a cikin ɗakin aka haɗa akwatin, ya fi ƙofar faɗi da ɗan yatsa uku. Jaji ya ce magina ne ba su iya aiki ba, ya sa aka cire ƙyaure, sannan aka sassare gefen bango da gatari. Aka fito da akwatin a karkace, ana jin ƙwai na gungura a ciki kamar ana zuba tsakuwa a ƙwarya. Ya ce juyi ne, dama ana son a riƙa juya su. Aka ɗora a amalanke, aka ɗora batirin da ke ba shi wuta a sama, shi ya shiga gaba yana ja da baya yana ba da umarni da sukundireba.

Titin ba shi da faɗi, amma damina ce, kuma a bakin shagon akwai lambatu cike da ruwa. Jaji ya shimfiɗa ƙyauren da aka cire a kai ya zama gada. Wani mai shayi ya ce katakon nan gara ta ci shi. Jaji ya hau ya yi tsalle sau biyu don ya kunyata shi, ƙyauren ya riƙe, jama'a suka yi tafi. Ina ganin tsallen nan ne ya ƙarasa shi. Ƙafar amalanke ta farko ta hau lafiya. Ta biyu na hawa, wani ɗan acaɓa ya danno ham, akuyar da ke kwance gefen shago ta zabura ta bi ta tsakanin ƙafafun masu turi, ɗaya ya saki, ƙyauren ya ce ƙaras.

Akwatin bai faɗi gaba ɗaya ba, ya durƙusa ne kamar raƙumi. Batir ya sulmiyo ya daki gilas. Ƙofa ta buɗe, farantan ƙwai suka zamo ɗaya bayan ɗaya, ƙwai ya bazu a titi. A nan na ga gaskiyar Jaji guda ɗaya, ƙwan zabo yana da tauri, da yawa suka yi ta gungura ba su fashe ba, har ƙarƙashin teburin mai shayi. Amma waɗanda batir ya hau, da waɗanda Jaji ya taka yana ihun kada kowa ya motsa, ba su tashi ba. Maza da mata aka bazu ana tsinta, wannan a hula, wannan a gefen zane. Bilki ta fito da ƙwarya cike da dusa mai ɗumi, tana jera su tana yi wa Jaji addu'o'in da ba zan rubuta ba.

Shi kuwa ya sa aka ja akwatin cikin shago, ya maƙala waya, ya ce kowa ya matso, asara kaɗan ce a kan nasara. Yanzu suna unguwa ɗaya, har ɗaki ɗaya. Ya ce Abdurrahim ya danna. Abdurrahim ya danna. Kwamfuta ta ce ba ta ga kowa ba.

Ana cikin haka motar haya ta tsaya, Mashkura ta fito. Tun da wayar ta yanke hankalinta bai kwanta ba, ta nemi izini ta biyo motar safe. A tasha ta haɗu da Gwaggo tana dawowa daga Jahun, suka iso tare. Gwaggo ta dubi bangon ɗakinta, ta dubi titi, ta dubi ƙafafun Jaji da suka yi rawaya har idon sawu. Ta nemi wuri ta zauna a dakalin shago.

Jaji ya tari Mashkura da cewa ya cika umarninta, ya mai da su unguwa ɗaya, amma na'urarta tana da taurin kai. Sai a lokacin ta gane yadda ya ɗauki maganarta. Sannan ta zauna gaban kwamfuta, ta buɗe wani wuri, ta kira mu mu gani. Ta ce kowace na'ura tana da adireshi na lambobi kashi huɗu. Ukun farko su ne unguwa, na ƙarshe shi ne gida. Na ɗan allon, kashi na uku ɗaya ne. Na kwamfutar ya koma sifiri. Ta tambayi Abdurrahim wa ya taɓa ta, sai ya tuna ranar Lahadi wani ya zo ya wanke masa ita daga ƙwayar cuta, ya sake zuba mata komai sabo. Ta goge sifirin ta sa ɗaya. Ba ta kai minti guda ba. Shafi ya buɗe.

"Wannan ce unguwar, Kawu."

"To ai da sai ki ce lamba."

"Da ka ba Abdurrahim wayar, da na ce."

Wani daga baya ya ce a karanta abin da shafin ya faɗa. Ashe ɗan allon yana ajiye abin da ya gani kowace sa'a. Mashkura ta karanta a fili. Zafi talatin da bakwai da rabi ranar Litinin, haka da aka lulluɓe shi ya ɗan hau ya sauko, haka da aka tsinke waya, haka yau da asuba, bai taɓa kaucewa ba. Duk kwanakin nan yana aikinsa shi kaɗai, bakin faɗa ne kawai ya rasa. Layin ƙarshe ƙarfe goma sha ɗaya na yau ne. Daga nan babu komai, don ɗan tsinken da ke auna zafin ya karye a lambatu, fanka ma ta karye, kuma sai a Kano ake samun irinsu.

Dariyar da aka yi ba ta daɗe ba, saboda Gwaggo ta miƙe. Ta sa aka ƙirga abin da ya tsira, ɗari biyu da talatin da 'yan kai, kuma suna hucewa. Ta ce kafin a yi inji ai da kaza ake yi, zabuwa ba ta iya kwanci ba tun fil azal. Kaza mai kwanci kuwa ba a ɗauke ta daga gurbinta, sai dai a kai mata. Ta juya ga Jaji ta ce tunda ya san iyakar unguwanni haka, ya bi su gida-gida, Limawa da Tsallake, ya nemo duk inda kaza ke kwanci, ya kai ƙwan da hannunsa kafin azahar ta wuce.

Haka aka yi. Injiniya guda, da ƙwaryar dusa a ka, yana tsayawa a ƙofar gidajen mutane yana sallama yana tambaya ko akwai mai kwanci a gidan. Wani maigida ya biyo shi da sanda kafin a yi masa bayanin kaza ake nufi. A kowane gida matan sai sun sa ya faɗi da bakinsa, daga bayan katanga, wa ya fasa ƙwan matan Miga, sannan a karɓa. A gida na uku yana cewa ƙaddara ce. A na shida ya koma cewa akuya. Wajen na tara, da yunwa ta ci shi kuma kaji sun sassare masa hannu, yana isa yake cewa, "Ni ne, Jaji, a taimaka." An samu kaji a gida goma sha ɗaya, har da biyu a gidan Mai unguwa Ahmadu, wanda ya ce wannan aron yana bayarwa. Abin da kaji ba su iya rufewa ba, Bilki da Gwaggo suka riƙe shi a dusa kusa da murhu har kwana biyu, kafin Mashkura ta dawo da kayan gyara ta tayar da akwatin.

Da kwanaki suka cika, aka samu 'yan zabi ɗari da saba'in da wani abu. Adadin ya ɗan rikice mini, amma na tuna kukansu ya cika tsakar gida. Gwaggo ta cika giɓin daga 'ya'yan nata zabin, har sai da kowace mace ta samu abin da ake sa ran ƙwanta zai ba ta. Ita ce ta tashi ba ta da ko ɗaya a wannan damina. Ba ta faɗa wa kowa ba, ni na gani da idona.

Ranar da Zinariya ta zo da mata shida da kwanduna, sai ga Jaji cikin wankakkiyar riga. Kwana takwas sun ishe shi ya warke. Ya gaida su, ya ce shi ne injiniyan da ya raba aikin gida goma sha ɗaya lokacin da na'ura ta gaza, dabarar da ko a Kano ba a taɓa yi ba. Zinariya, wadda Bilki ta riga ta ba ta labari tun a ƙofar gida, ta saurare shi har ya gama. Ta ce lallai an gode, kuma a Miga ba a barin ma'aikaci ya tafi hannu rabbana. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya a rufe da faifai, ta sa hannu biyu ta miƙa masa. Ya karɓa yana cewa ai da ba su wahalar da kansu ba. Ya ɗaga faifan. Ƙwan da ba su ƙyanƙyashe ba ne, wajen sittin, sun yi kwana da kwanaki a zafi.

"Baragurbi ne," in ji Zinariya. "Mun duba duk garin, ba mu ga wanda ya fi ka kusa da su ba. A riƙe zumunci."

Jaji ya rufe faifan a hankali. Ya ce dama yana neman irinsu don wani bincike. Ya ɗora ƙwaryar a ka ya fita cikin rana tsaka, yana tafe kamar mai ɗauke da amarya. Bai kai gindin darbejiyarsa ba muka ji na farko ya fashe, sannan muka ga masu shayi suna watsewa da gudu, hannu a hanci.

Nan labarin ya tsaya, ko kuma nan tunanina ya tsaya. Inda na ƙara ko na rage, Allah Ya yafe, Shi ne Masani.